Babban inji ba ya hana mota nutsewa

Kai yaro, tambayar da ka yi mini jiya na ji ta, ban amsa ba ne don raina ya ɓaci. Ka nuna mini bidiyon tankar yaƙin China tana tsaga teku a guje, ka ce da ni anka ba kwangilar sake fasalin motocin nan da ke sauka daga jirgin ruwa su yi iyo su hau gaɓa da sojoji, mi zan canza, kuma mi ya hana a ɗora musu babban inji kawai a huta. Ajiye wayar nan ka saurara, don ba zan maimaita ba.

Babban injin da kake faɗi an riga an gwada shi, kuma waɗanda sunka gwada sun fi mu kuɗi nesa ba kusa ba. Sojojin kundumbalar Amurka sun yi shekaru suna ƙera wata mota mai suna EFV. Burinsu jirgi ya tsaya can inda ido ba ya kaiwa daga gaɓa, wajen kilomita 46, motar ta faɗa ruwa da soja 17 a cikinta ta iso tudu cikin awa ɗaya. Injinta a ruwa yana ba da ƙarfin doki 2,700, alhali a tudu 850 ya ishe ta. Kafin ta yi wanga gudu sai ta janye kacarta sama, ta rufe ƙarƙashinta da faranta, ta miƙe wani faifai a goshi, don cikinta ya zama shafaffe ta hau saman ruwa. To duk abin da ke naɗewa yana buɗewa jiran ranar lalacewarsa yake. Da anka gwada ta a 2006, kusan duk bayan awa huɗu da rabi sai wani abu ya tsaya. Sun zuba wajen dala biliyan 3, a Janairun 2011 sakataren tsaronsu Robert Gates ya ce a rufe aikin. Kuma shafaffen cikin da ke ba ta gudu a ruwa shi ne nakiya ke so, don ƙarfin fashewar duk a kansa zai ƙare. A Iraƙi da Afganistan sun koya da jininsu cewa cikin motar soja sai ya zama mai kusurwa, ya watsa ƙarfin nakiya gefe da gefe. Taura biyu ba ta taunuwa. Ta Chinar da ta burge ka, ZBD-05, gudunta gaskiya ne, amma da kaurin sulkenta ta biya kuɗinsa.

Ba wannan ne ya ɓata mini rai ba. Ni da kake gani na taɓa ƙera irin wagga mota, a nan inda kake zaune, kuma har yau in na tuna abinci ba ya yi mini daɗi.

A watan Satumba na 2010, kana ƙarami lokacin, ruwa ya yi mana ɓarna mai yawa. Gulbin Rima ya cika ya batse, ya cinye gonaki da gidaje tun daga Goronyo har Silame, ya yanke hanyar jami'a ta wajen Kwalkwalawa, mutane sunka koma shiga kwalekwale. Bayan ruwa ya janye sai ga wani Alhaji ɗan kwangila, ba zan kama sunansa ba, ya zo da babbar riga da ƙamshin turare. Ya ce yana son motar da za ta bi titi, in ta iso inda ruwa ya yanke ta faɗa ta ƙetare da mutane da kayan agaji. In ta yi kyau zai nemo kwangilar a yi da yawa, ni ne maƙerin. Ya zaga garejin garin nan kaf, kowa ya ce masa wurina zai zo, don jiragen ƙarfen da nake yi ba su yoyo.

Ban ɗauki abin da wasa ba. Na sa ƙanena ya fiddo mini takardu da hotunan motar da Amurkawa sunka yi a 1942, wadda ake ce wa DUKW. Babbar motar soja ce ta GMC mai taya shida anka lulluɓe ta da jikin jirgi, kuma wanda ya zana jikin gwanin jiragen ruwa ne, shi ya sa ta yi kyau har sunka ƙera sama da dubu 21. Direbanta daga mazauninsa yake rage iskar taya in ya iso yashi, ya ƙara in ya hau titi. Na ga kuma wadda ta riga ta, mai kaca, da wani Donald Roebling ya ƙera a Florida a shekarun 1930 don ceton mutanen da guguwa da ambaliya sunka tsare. Daga baya soja sunka karɓe ta, ita ce ta haye duwatsun murjani a tsibirin Tarawa na tekun Pasifik a Nuwamban 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, ranar da ruwa ya yi ƙasa, jiragen saukar da soja sunka maƙale nesa da gaɓa anka yi ta harbe mutane suna tafiya cikin ruwa. Wato asalin abin nan na ceto ne, irin wanda ni ma na so in yi wa mutanenmu.

Alhaji ya kawo wata tsohuwar Steyr ta gwanjo mai jan ƙafa huɗu. Na sauke bodinta, na gina mata jiki ƙafa 24 tsawo, ƙafa 8 faɗi. A nan aikin yake, kuma a nan ku yaran yanzu ba ku da haƙuri, don lissafi ne ba tartsatsi ba. Lita dubu na ruwa tan ɗaya ne. Na auna faɗin jikin, na cire gurbin tayoyi, lissafi ya nuna mini duk nauyin buhu takwas na siminti zai danna ta inci ɗaya cikin ruwa. Na bar mata inci 18 tsakanin ruwa da baki in ba kaya, na rubuta da fenti a jikinta: buhu 30 ko mutum 20, ba ƙari. Inji da giyabos da tankin mai na zaunar da su can ƙasa a tsakiya. Sai ramuka. Duk inda farfela ko sandar sitiyari ko bututun birki ya ratsa jiki, ƙofa ce ka buɗe wa ruwa, saboda haka na rage su iya iyawata, kowanne na yi masa gida biyu na roba da giris a tsakani. Salansa na miƙe ta sama da kan direba. Famfon kwashe ruwa uku na sa: ɗaya inji ke juya shi, ɗaya da batirinsa daban a sama inda ruwa ba ya kaiwa, ɗaya na hannu. Yadda ake gwada ɗinkin walda da kananzir da alli ba sai na faɗa maka ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da katin waya.

Munka kai ta gulbi da buhunan yashi daidai nauyin da na rubuta. Ta shiga, ta ƙetare, ta fito, cikinta ƙayau. Masuntan da ke wurin sunka yi ta kabbara. Alhaji ya rungume ni, ya ce bari ya kai ta a yi mata fenti kafin manya su gani, cikon kuɗina ranar nuni. Lokacin kashi ɗaya cikin uku kawai ya biya, ƙarfen duk bashi na ɗauko da sunana. Na yarda don tare muke sahu a masallacin Juma'a.

Ashe ba fenti kaɗai ba ne. Wurin wani mai walda ya kai ta, irin masu cewa to ga duk abin da mai kuɗi ya faɗa. Sunka ɗora mata rumfar ƙarfe mai kauri da shinge a sama don manya su tsaya a ɗauki hoto, sunka jera kujerun kushin, sunka sa janareto da na'urar sanyaya ɗaki. Hayaƙin janareto ya dame su, sai sunka huda gefen jikin da wutar gas, tazarar tafin hannu ƙasa da baki, sunka zura bututu ba ko roba. Batirin famfona na biyu sunka cire shi sunka ba janareto. Famfon hannu kuwa wai ya tare hanya, anka kwance shi anka jefar. Ba wanda ya kira ni, sai ranar nuni na iso bakin gulbi na tarar da ita haka, an loda mata buhu 60 na shinkafa, ga 'yan rakiya sun haye rumfa suna ɗaga hannu. Na rantse maka da gudu na tahi wurin Alhaji, na ce a sauke rabin kayan nan a toshe ramin can. Ya dube ni a gaban mutane ya ce, Malam, aikinka ya ƙare, koma gefe.

Kai yi lissafin da kanka. Shinkafar kaɗai ta ci inci bakwai da rabi. Rumfa da janareto da kujeru sun ci wajen huɗu. Mutanen sama sun ci nasu, kuma sun ɗauke nauyin daga ƙasa sun mai da shi bisa. Ramin da sunka huda ya dawo daidai fuskar ruwa. Tana kaiwa inda ruwa ke gudu ya fara shiga ta nan. Ruwan da ya shiga cikin jirgi ba ya zama wuri ɗaya, duk gefen da ta ɗan karkata can yake kwarara, ya ƙara karkatar da ita, bakin wancan gefen ya ƙara kusantar ruwa. Direba ya tsorata ya saki totur, famfon inji ya rage ja, na biyu ba batir, na uku yana bola. 'Yan rumfa sunka ruga gefe ɗaya. Ta kwanta a hankali ina kallo. Allah ya sa wurin bai kai zurfin rumfar ba, masunta sunka kwashe kowa, ba a rasa rai ba.

Washegari Alhaji ya kai ƙarata wai waldata ce ta yi yoyo. Da anka jawo motar na nuna wa kowa ramin, bakinsa duk zazzago, yaron da ya yi wata ɗaya a wurina ba zai yi irin wagga yanka ba. Na ce a cika ta da ruwa a gani ko ɗinkina ɗaya zai yi gumi. Ba wanda ya yarda a gwada. Dattawa sunka shiga tsakani, maganarsu ɗaya: a yi haƙuri, a bar wa Allah. Shi ya janye ƙara, ni in yafe cikon kuɗi. Mai ƙarfe kuwa bai san da wanga sulhu ba, sai da na sayar da filin da na saya don in gina wa iyalina sannan na fita bashinsa. Injin Steyr ɗin, da na sauke na gyara da hannuna, daga baya na gan shi a gonar Alhaji ta fadama yana juya famfon ban ruwa. Kuɗin na iya mantawa. Abin da ban manta ba, har yau akwai masu nuna ni a kasuwa suna cewa ga wanda motarsa ta nutse.

Shi ya sa ranar da na ji labarin abin da ya faru a Kalifoniya jikina ya mutu. Ranar 30 ga Yulin 2020, wata AAV-7, motar da sojojin kundumbalar Amurka sunka fara amfani da ita a 1972, tana komawa jirgi daga tsibirin San Clemente da mutum 16. Ruwa ya yi ta shiga ta wurare da dama, har da gurbin fitilar gaba da ba a ɗaura daidai ba. Giyabos ya tsaya saboda rashin mai, famfunan da ke dogaro da ƙarfin inji sunka rage ja. Ba jirgin ceto a kusa. Da wata motar ta zo taimako sai ta buge ta, ta juya gefenta ga raƙumin ruwa alhali ƙofar sama na buɗe. Ta nutse a zurfin ƙafa 385, mutum 9 sunka mutu. Rami, famfo, da jinkirin fitar da mutane. Abin da ya kwantar da tawa a gulbi shi ya kashe yaran mutane a teku, a hannun sojan da ya fi kowa kuɗi. A ƙarshen 2021 sunka hana irin motar shiga ruwa sai in yaƙi ya tilasta.

Yanzu ga amsar tambayarka. Da ni anka ba aikin, kafin in taɓa ƙarfe sai an rubuta nauyi an sa hannu, kuma duk janar ɗin da ya zo daga baya yana son ƙarin sulke ko babbar bindiga a sama sai ya faɗi abin da za a cire. Soja ma suna da irin Alhajina. A Normandi ta ƙasar Faransa, Yunin 1944, an ɗaura wa tankokin Sherman labulen tamfol don su yi iyo. A gaɓar Omaha wata bataliya ta saki 29 wajen kilomita 5 daga tudu, teku na tashi, 27 sunka nutse. Tanka ba ta da laifi, an ba ta tazarar da ba ta isa ba tsakanin ruwa da baki.

Sai babbar maganar, wadda ta sa ake ta cewa a sake tunani. Dauri jirgi na iya matsowa kusa da gaɓa ya sauke motoci. Yanzu mai makami mai linzami a bayan babbar mota yana iya nutsar da shi daga tudu, ka ga yadda Yukren ta yi wa Moskva, babban jirgin yaƙin Rasha, a Afrilun 2022. Ga kuma jirage marasa matuƙa, na sama da na ruwa, masu arha. Dole jirgi ya tsaya nesa. To AAV-7 kilomita 13 take yi a awa cikin ruwa. Sabuwar da ta gaje ta, ACV, mai taya takwas, wadda anka ba kamfanonin BAE da Iveco kwangilarta a 2018, ba ta fi ta gudu ba. In ka sake su daga kilomita 46, awa uku da rabi zuwa huɗu ke nan soja na kulle cikin akwatin ƙarfe, ga warin gas, ga jijjiga, ga amai. Wanda ya fito daga nan ba yaƙi zai yi ba, kwanciya zai nema. Kuma duk tsawon lokacin ana kallonsu daga sama.

Ni raba aikin zan yi. Gudu aikin jirgi ne, a bar wa jirgi. A yi ƙananan jirage masu sauri, da yawa, marasa tsada, ko irin mai tafiya kan matashin iska da Amurkawa ke ce wa LCAC, wanda ke haura kilomita 70 a awa ɗauke da tanka. Su ɗauki motar su kawo ta kusa, ta yi iyon ɗan abin da ya rage. Ita kuma kuɗin da za a ɓata wajen ba ta gudu a zuba shi a abu uku da ba su fitowa a bidiyo: ƙarancin ramuka, famfon da bai san da zaman inji ba, da ƙofar da mutum zai fita cikin duhu da kaya a jikinsa ba sai ya jira umarni ba. Kuma gara motoci ƙanana masu yawa da babba ɗaya mai cin mutum 21, wadda makami ɗaya zai tahi da su gaba ɗaya.

Wurin da ya fi kashe irin motocin nan ba tsakiyar teku ba ne, bakin gaɓa ne inda raƙuman ruwa ke karyewa. In raƙumi ya bugo ta baya ya juya ta gefe, na biyu kifar da ita zai yi. Ko ACV ɗin sabuwa sai da ta kife haka a wurin atisaye a Kalifoniya a 2022, har sau biyu cikin 'yan watanni. Mai taya ta fi mai kaca tsayi, tsayin da ke kare ta daga nakiya shi ke sa ta saurin kifewa. Sannan ga lokacin fita, wanda ni na sha fama da shi a gulbi: tayoyin gaba sun taɓa ƙasa, baya na kan ruwa, nauyi bai sauka kan taya ba balle ta kama, farfela kuma ta fara shan iska. Nan mota ke tsayawa cak tana tonon laka, a gaban bindigar abokin gaba. Dole a rage iskar taya tun kafin a iso, dole winci a goshi. Gishirin teku kuma ba ruwan Rima ba ne. Da yawansu jikinsu alminiyam ne, in ka ɗaura masa kusar ƙarfe ba shamaki gishiri zai cinye alminiyam ɗin kewaye da kusar, ramin da ba ka huda ba ya huda kansa. Waldar alminiyam ba zan fara maka bayaninta ba, kai da har yanzu ɗinkinka na ƙarfe sai an bi shi da garanda.

Kuma kada ka ɗauka abin da ya dace da Amurka ko China shi ya dace da mu. Su fararen yashi da tsibirai suke tunani. Gaɓarmu ta kudu rafuka ne ƙanana da laka da itatuwa masu saiwa cikin ruwa, mota mai tan 30 in ta shiga nan sai dai a bar ta. A yaƙin basasa, da sojan Benjamin Adekunle sunka sauka Bonny a Yulin 1967 da Kalaba a Oktoba, jiragen ruwa ne sunka kai su. A Oktoban nan dai rundunar Murtala Muhammed ta yi ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Onica anka yi asarar mutane da yawa, don ƙetare ruwa a gaban wanda ke jiranka ba ƙarfin hali kaɗai yake so ba. Yau sojan ruwanmu na da NNS Kada, jirgin sauke motoci da soja da ya iso a 2022. Abin da zai yi masa rakiya a rafukan Neja Delta, ko ya yi aiki a Tafkin Chadi inda ciyawa ke naɗe farfela, jirage ne masu shafaffen ciki da ba su cin ruwa da yawa, irin waɗanda mai walda na ƙwarai zai iya gyarawa a bakin ruwa ba sai an jira kaya daga Turai ba.

Ku dai gudu kuke so, a mota, a aiki, a kuɗi. Yaro ya yi wata shida yana riƙe wa maigida ƙarfe sai ya buɗe shago ya sa allo, duk abin da mai kuɗi ya ce ya huda sai ya huda. Irinsu ne sunka huda mini mota.

Jirgin can da ke bayan shago, mai shi ya aiko wai a ƙara masa rumfa kafin ranar kasuwar Goronyo. Tashi ka ɗora ƙarfen rumfar kan sikeli, ka auna tsawon jirgin da faɗinsa, ka kawo mini a takarda inci nawa za ta danna shi da mutum nawa za a rage. Da fensir nake son lissafin, kuma kada ka kunna injin walda sai na gani.